Dajin Matanda da Hayaƙin Banda

Kifin bandar da ake sayarwa a kasuwannin Duwala, wanda kuma ake ɗaurewa a kwanduna a tura Yawunde da Bafusam har can Ngawundare, da yawa daga cikinsa ba a cikin gari ake ƙyafe shi ba. Daga sansanonin masunta yake fitowa, kudu da birnin, inda kogin Sanaga ke ƙarasa tafiyarsa ta fiye da kilomita 900 ya zube a tekun Atlantika. Jan launin nan mai sheƙi da uwargida ke dubawa kafin ta taya, da ƙamshin da ke cika gida idan an jefa shi a miya, ba na kifin kaɗai ba ne. Har da na itacen da aka ƙona a ƙarƙashinsa, wato matanda, bishiyar da ke tsiro cikin taɓo da ruwan gishiri, wadda masana ke kira mangurof. A gidanmu a unguwar New Bell ta Duwala da kuɗin wannan kifi aka ciyar da mu, aka yi mana ɗinkin salla, aka biya mana makaranta. Don haka idan ana maganar abin da ya sami dajin Duwala-Ediya, inda matandan nan ke tsiro, ni ba ɗan kallo ba ne, da ni a ciki.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai sarin. A ƙarshen shekarun 1980, idan an yi hutun makaranta, yakan tafi da ni in riƙe masa jaka da littafin bashi. Mukan hau mota zuwa Ediya, daga nan mu kama jar hanyar da ta ratsa gonakin roba na Dizange zuwa Muwanko, hanyar da in damina ta zauna fasinja ke sauka su tura mota. Sauran tafiyar kuwa a kwalekwale ake yin ta. A duk zirga-zirgar nan ban taɓa jin wani ya ce muna cikin gandun gwamnati ba, alhali tun 1932 Turawan Faransa suka shata wurin, kimanin hekta 160,000, suka keɓe shi domin namun daji. Dokar tana can kwance a takarda. A bakin ruwa teku ce ke faɗa a ji: in ta cika a tafi, in ta janye a jira, sau biyu kowace rana.

Abin da ya fi zauna mini a rai daga wancan zamani shi ne duhu. Idan mai kwalekwale ya bar babban kogi ya kutsa cikin ƙananan rafuka, ko da rana tsaka ce sai gari ya rufe, don bishiyoyin sun haɗe kai a sama. Wasunsu sun haura mita 30, miƙaƙƙu sambal, saiwoyinsu sun fito daga jikin ganga sama da tsayin mutum, sun lanƙwaso sun caki taɓo ta kowace fuska. Taɓon baƙi ne ƙirin, yana warin ruɓa, amma cike yake da rai. Ga ƙananan ƙaguwa masu hannu ɗaya babba ɗaya ƙarami suna ta ɗaga babban, ga wani ɗan kifi mai idanu a tsakar ka wanda ke barin ruwa ya yi ta tsalle a tudu. 'Ya'yan bishiyar tun suna rataye a jikin uwa suke tsiro, su yi tsawon kamu ɗaya ko fiye, sannan su faɗo da tsini. Wanda ya dace ya kafe nan take, wanda bai dace ba ruwa ya tafi da shi neman wani wuri. Da la'asar sakaliya garken aku kan ratsa ta samanmu da kururuwa, jajayen wutsiyoyinsu na walƙiya. Na taɓa tambayar Kawu ko wannan daji yana da ƙarshe. Ya ce, "Ɗana, ƙarshen wannan sai dai tashin duniya." Ba shi kaɗai ke da wannan zato ba. Duk wanda na sani a lokacin haka ya ɗauka.

A sansanonin Yoyo da Mbiyako na fara ganin ɗakin banda. Doguwar rumfa ce, a tsakiyarta an kafa gado na itace da ragar waya mai tsayin ƙugu. A bisa gadon mata ke jera bonga, wani kifi mai faɗi mai yawan ƙaya, a tsaitsaye, ɗaya jingine da ɗaya, layi bayan layi. A ƙasa guma-guman matanda ne, wasu ma ɗanyu, don matanda ko bai bushe ba yana ci, kuma yana daɗewa yana ci. Ba bango ba murfi, saboda haka zafi da hayaƙin da ke fita ta gefe sun fi wanda ke ratsa kifin yawa. Wutar takan kwana biyu ko uku ba ta mutu ba. Matan suna kanta dare da rana, goyo a baya, idanu jajur, suna tari suna juya kifi. In wuta ta ƙwace, rumfa da kifi da jari duka su tafi a dare ɗaya. A bayan kowace rumfa akwai tarin itace da ya kusa fin rumfar tsayi. A farkon zuwana da gatari da adda ake sara, mutum ya yini a kan bishiya ɗaya. Kafin in daina bin Kawu zarto mai inji ya fara shigowa, kuma daga ranar da na fara jin kukansa a cikin rafi ban ƙara rasa jin sa ba.

Da na girma na kama aikin koyarwa na bar hanyar. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, 'ya'yansa suka ci gaba da sarin. Sai a watan Oktoba na 2018 labari ya zo cewa gwamnatin Kamaru ta ɗaga matsayin dajin Duwala-Ediya zuwa gandun daji na ƙasa, ta faɗaɗa shi zuwa hekta 262,935, har da wani yanki na teku inda kunkurun teku ke zuwa nasa ƙwai a yashin gaɓa. Bayan 'yan shekaru na shirya na koma, wannan karon don in gani da idona kawai.

Muwanko tana nan yadda na san ta ta wata fuska. Har yanzu tsibin ɓawon ƙumba na jibge a bakin kogi, don da rani 'yan Malimba da Bakoko kan nitse su ɗebo ta daga ƙasan Sanaga, a soke naman a tsinke a ƙyafe, ɓawon kuma a sayar wa masu haɗa abincin kaji. Sabon abu shi ne akwai ofishin gandu da baƙo zai fara biyawa, a rubuta sunansa, a haɗa shi da ma'aikacin da zai yi masa jagora. Wanda aka ba ni matashi ne ɗan yankin, mai haƙuri, wanda ya san kukan kowane tsuntsu. Da shi na shiga wurin da ban taɓa takawa ba a zamanin Kawu, domin ba a sayar da kifi a can: tafkin Tisongo.

Tisongo yana cikin kurmi, kudu da Sanaga. Ruwansa baƙi-baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganye, ƙasar da ke kewaye da shi kuma farin yashi ne mara ƙarfi. A nan ne a shekarun 1970 wani masani Ba'amurke, Doyle McKey, ya zauna yana nazarin baƙin biri na kolobus, mai doguwar wutsiya, wanda ba shi da babban yatsa a hannu. Ya gano cewa da yake ƙasar ba ta da albarka, bishiyoyin wurin kan cika ganyensu da sinadarai masu ɗaci don kare shi daga masu ci, shi ya sa birin ya koma dogaro da ƙwayar 'ya'yan itace fiye da danginsa na wasu dazuzzuka. Mun same su da sassafe. Jagoran ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Alaji, dubi can sama, kada ka nuna da hannu." Su huɗu ne ko biyar a kan reshe, baƙaƙe wuluk, ɗaya na gutsurar wani kwanso. Suna ankara da mu suka watse, sai motsin rassa. Ya ce gudun nan shaida ce cewa har yanzu bindiga na shigowa. Shimfanzi da giwar kurmi kuwa, ya ce sun rage kaɗan ƙwarai, yawanci sawu da kashi kawai ake gani. Duk da haka na fita daga Tisongo da farin ciki. Abin da ya rage ya isa a yi faɗa a kansa.

Da muka juya wajen teku ne zuciyata ta sosu. Rafukan da na sani da duhu yanzu rana na dukan ruwansu kai tsaye. A kusa da sansanoni kututture ne jere a cikin taɓo, bishiyoyin da suka tsaya kuma sirara ne, ba su wuce kaurin cinya ba. Sai an yi tafiya mai nisa da inji kafin a sake shiga inuwar manya. A wuraren da aka share, wani baƙon tsiro ya samu shiga: nifa, dangin kwakwa mara ganga, wanda aka kawo daga Asiya aka dasa a Kalaba a 1906, ruwa ya yi ta yawo da 'ya'yansa har ya cika gaɓar Najeriya ya tsallako Kamaru. Wanda ya ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru zai gane abin da nake nufi. Kore ne shar, mai wucewa zai ɗauka daji ne lafiyayye, amma ba ya ba da itace, kuma in ya kama wuri da wuya ɗan matanda ya sami inda zai kafe.

Asarar ba ta tsaya ga itace ba. Cikin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari su fita teku, kuma saiwoyin ne ke riƙe taɓo su karya ƙarfin igiyar ruwa. In suka tafi, kifi ya ragu, ƙasa ta bi ruwa. A Kaf Kamaru, can bakin mashigin Wuri, turken eriyar rediyo da aka kafa a tudu yanzu a cikin ruwa yake tsaye, gidaje da yawa kuma teku ta cinye. Ba sara kaɗai ya jawo haka ba, tekun ma tana ƙara hawa, amma gaɓar da aka tsiraita ita ce ke fara faɗuwa. Birnin Duwala shi ma yana ci daga nasa gefen. Kwalekwale na sauke itacen matanda a Yupwe don girki da gini, ana haƙar yashi a rafuka, a unguwa irin Bois des Singes kuma mutane na cike taɓo da shara da ƙasa su kafa gida, don ba su da inda za su.

A kan ruwa kuma akwai manyan jiragen kamun kifi masu jan raga, waɗanda masunta ke kuka da su cewa suna matsowa gaɓa da dare, su kwashe manya da ƙanana, su yayyaga komar talaka. Matsalar sa ido a kan jirage ba ɓoyayya ba ce: a Janairun 2023 Tarayyar Turai ta ba Kamaru jan kati, ta hana shigar kifinta kasuwannin Turai, saboda gazawa wajen kula da jiragen da ke yawo da tutarta. Masuncin da kamunsa ya ragu ba ya rage fita, ƙarawa yake yi, ya kuma ƙanƙance idon raga.

In aka tambayi wa ya jawo wannan ɓarna, a Duwala amsar da aka fi ji a bakin mutane ita ce baƙi ne suka cinye dajin. Gaskiya ne cewa yawancin mazauna sansanonin nan asalinsu Najeriya ne, Ilaje da Ijo da Ibibiyo, da wasu daga Benin da Gana. Amma da yawansu a nan aka binne cibiyarsu, a nan aka haifi iyayensu. Mu Hausawan kudancin Kamaru mun san zafin a kira mutum baƙo a garin da kakansa ke kwance, don haka bai kamata wannan magana ta yi mana daɗin faɗa ba. Kuma ba ta warware komai. Mutumin da kullum ake nuna masa cewa gobe za a iya tashinsa ba zai dasa bishiyar da sai bayan shekara ashirin za ta amfane shi ba, ba zai kuma zuba kuɗi a ginin da ba zai iya ɗauka ba. Ra'ayina shi ne gandun da ke da ƙauyuka da dama a cikinsa ba zai tsira da kora ba. Zai tsira ne in an zauna da mazaunansa an shata inda za a sara da inda za a bari ya huta, aka kuma ba su tabbacin zama da zai sa su ji dajin nasu ne.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa a ɗakin banda na same shi, ba a ofis ba. Tun 1997 wata ƙungiyar kare namun daji ta Kamaru, CWCS, take aiki a Muwanko, kuma Dakta Gordon Ajonina da abokan aikinsa sun daɗe suna auna girman matanda da yawan itacen da ake ƙonawa. Cikin abubuwan da suka kawo har da gyararren murhun banda. Dabarar ba sabuwa ba ce, don tun 1969 aka fito da irinta tare da matan unguwar Chorkor a Ankara ta Gana. Ana kewaye gadon da bango, a bar 'yar ƙofar sa itace, zafi da hayaƙi su rasa hanyar fita sai ta cikin kifin. Gwajin da aka yi a yankin ya nuna itacen da ake ƙonawa na raguwa da kusan rabi, lokacin aikin ma ya ragu sosai.

Wata dattijuwa a Yoyo ta nuna mini nata. Ta buɗe murfin, ga bonga jere, launinsa daidai da wanda Kawu ke nema, ko ma ya fi. Na tsaya kusa da murhun ina magana da ita ba tare da hawaye ya zubo mini ba, abin da ban taɓa yi ba a rumfar da. Na ce, "Mama, to me ya hana sauran maƙwabtanki yin irinsa?" Ta ce, "Alaji, bulo da siminti a kwalekwale ake kawo su. Wa zai ba ni bashin bulo? Bashin kifi kawai ake ba mu." Ta ƙara da cewa in kaka ta yi, kifi ya zo da yawa a dare ɗaya, murhu ɗaya ba ya ɗauka, dole a koma tsohon gado kafin ya ruɓe.

Wannan magana tata kanmu ta faɗo. Ai mu ne masu ba da bashin. Tun zamanin Kawu ɗan sari ke ba mai banda kuɗi tun kafin kamu, ta biya da kifi, kuma har yau haka ake yi. Wanda ya iya ba da kuɗin raga da na man inji zai iya ba da na bulo, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Ribar ma tasa ce, don kifin da ya ƙyafu daidai ba ya saurin ruɓewa a hanya, kuma mai bandar da ta rage sayen itace ta fi iya cika alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekara da shekaru muna cin ladan wannan daji. Ina kira ga 'yan sarin banda na New Bell da shugabanninsu da su zauna su sa ginin murhu cikin abin da ake bayarwa bashi, ko da mace ɗaya ce kowane ɗan kasuwa zai fara da ita.

Akwai wasu abubuwa biyu da hannunmu ke ciki. Na farko ayu. Wannan dabba mai sanyin hali, wadda yawanci ciyawar ruwa take ci, tana nan a rafukan gandun da ƙasan Sanaga, irinta ɗaya da ta Binuwai da Kwara. Ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na kusan shekara, sai kuma ta daɗe kafin ta sake, saboda haka kowace ɗaya da aka kashe babban gibi ne. Dokar Kamaru ta hana taɓa ta kwata-kwata. A tafkin Osa da ke kusa da Dizange, wanda keɓaɓɓen wuri ne na daban, wata baƙuwar ciyawa mai suna salbiniya ta bayyana wajen 2016 ta rufe kusan rabin ruwan, ta kashe abincin ayu. Wani ɗan Kamaru, Dakta Aristide Takoukam Kamla, da ƙungiyarsa AMMCO, suka kawo wani ɗan ƙwaro da ba ya cin komai sai ita, ruwan ya sake buɗewa, aka ba Dakta Kamla lambar yabo ta Whitley a 2024. Mutane na wannan wahala don su ceci ayu, mu kuma a kasuwanninmu ana tallar man ayu a kwalabe. Ko na gaske ne ko jabu, neman da ake yi masa shi ke gaya wa mafarauci cewa akwai kuɗi a jikin dabbar. Na biyu aku. Garken da na saba gani da yamma ya koma bibbiyu da uku-uku. Tun taron ƙasashe na 2016 a Johannesbag aka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, amma muddin ana sha'awar kejinsa a zaure, masu hawa bishiya da danƙo ba za su daina ba.

Ga mai karatu da ke Duwala ko Ediya, ko wanda harka za ta kawo shi kudu, ina ba shi shawara ya ware lokaci ya je. Rani ya fi, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hanya ke biyuwa kuma tsuntsaye ke taruwa a yashin Sanaga. Ya fara da ofishin gandu a Muwanko, ya ɗauki jagora ɗan gari ya biya shi haƙƙinsa, ya tambayi lokacin cikar teku kafin ya shiga kwalekwale. In da hali ya tafi da 'ya'yansa. Kada ya sayi naman daji, ko ƙwan kunkuru, ko ɗan aku, komai arharsu. In zai sayi banda kuwa, ya nemi matar da ke da murhu mai bango ya saya a wurinta.